Gwamnati a Allo, Talaka a Bakin Ofis: Abin da Korona ta Tona a Droum da Ƙasar Damagaram

Ranar 23 ga Afrilun 2020, ana gab da shiga azumi, shugabannin Afirka ta Yamma suka yi taron ƙoli ba tare da ɗayansu ya hau jirgi ba. Mahamadou Issoufou, wanda yake riƙe da shugabancin ƙungiyar CEDEAO a lokacin, ya ja ragamar zaman daga fadarsa a Yamai. Muhammadu Buhari yana Abuja, sauran ma kowa yana garinsa gaban allo. Aka tattauna, aka ɗora wa Buhari jagorancin yaƙi da annobar korona a yankin, aka tashi. Wanda ya kalli hoton taron a Tele Sahel zai iya cewa gwamnati ta koyi gudanar da aiki daga nesa.

Kusan kilomita 900 gabas da wannan fada akwai Droum, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram. A can ma akwai gwamnati, sai dai ba a allo take ba. Tana cikin jikin mutane: sakataren magajin gari da hatiminsa, mushe da allinsa, majo da allurarsa, malamin gona da babur ɗinsa. Idan ɗaya daga cikinsu bai zo ba, to a ranar wannan ɓangare na gwamnati bai wayi gari ba. Shi ya sa maganar "aiki daga gida", wadda ta cika duniya a shekarar 2020, ta zo wa irin su Droum kamar rigar aro da aka ɗinka a kan ƙirar wani.

Doka ta riga cuta isowa

Nijar ba ta jira cutar ta shigo ba. Ranar 17 ga Maris 2020, ranar da Faransa ta kulle mutanenta a gida, shugaba Issoufou ya yi wa ƙasa jawabi. Ya sanar da rufe filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da rufe iyakokin ƙasa, da rufe makarantu tun daga na yara har jami'a, da hana taron da ya wuce mutum 50. Sai bayan kwana biyu, 19 ga Maris, ministan lafiya Dokta Idi Illiassou Maïnassara ya bayyana mutum na farko da aka samu da cutar a Yamai, ɗan shekara 36, wanda ya ratsa Lome da Akara da Abijan da Wagadugu kafin ya dawo gida.

Daga nan dokoki suka yi ta biyo juna. Aka dakatar da sallar jam'i da ta Juma'a. Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta fannin lafiya, aka sa wa Yamai dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka killace birnin, ba shiga ba fita. Gwamnati ta ce tana buƙatar miliyar 597 na sefa don tunkarar annobar, ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na watannin Afrilu da Mayu, ta kuma yi wa fursunoni 1,540 afuwa, ciki har da madugun adawa Hama Amadou.

A ɓangaren ma'aikata, abin da aka yi shi ne taƙaita lokutan aiki, da rage yawan masu zuwa ofis zuwa waɗanda ba makawa sai da su, da dakatar da tarurrukan bita da ƙara wa juna sani. Ba a rufe ofisoshi ba, ba a kuma raba wa kowa kwamfuta an ce ya je gida ya ci gaba ba. Manyan jami'ai da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji sun koma taro ta bidiyo. Ƙaramin ma'aikaci kuwa, abin da dokar ta zame masa shi ne zaman jiran kira.

Ko tallafin wuta da ruwa ya nuna inda idon hukuma yake kallo. Sai mai mitar NIGELEC da famfo a tsakar gida zai san an yafe masa wani abu. Magidancin da ke haska ɗakinsa da tocila, iyalinsa na jan ruwa a rijiya, labarin tallafin kawai ya ji a rediyo.

Abin da Mirya ta faɗa

Ba a yi mako guda da hana sallar jam'i ba sai Mirya, hedikwatar gundumar da Droum take ƙarƙashinta, ta kama da wuta. Matasa suka fito kan tituna, aka ƙona tayoyi, aka lalata dukiya, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka kama mutane. A watan Afrilu irin wannan tarzoma ta ɓarke a unguwannin Yamai, inda aka tsare fiye da mutum ɗari cikin 'yan kwanaki.

Ba wanda zai yaba wa mai ƙona dukiyar jama'a. Amma tarzomar Mirya ta faɗi wata gaskiya da ta shafi batun mulki daga nesa. A lokacin, talaka bai ga mai korona ko ɗaya a garinsa ba. Abin da ya gani shi ne masallaci a rufe, kasuwa tana ci. Umurni ya zo daga Yamai ta iska, ya iso kafin mai bayani ya iso. Jita-jita kuwa ba ta jiran takardar izinin tafiya: saƙonnin murya na WhatsApp sun riga kowace sanarwa shiga fadojin matasa da zaurukan dattawa, wasu na cewa cutar masu hawa jirgi ce, wasu na cewa zafin bazara zai ƙone ta, wasu na cewa dabara ce ta cin kuɗin agaji.

Ƙasar Damagaram ta daɗe da sanin yadda ake mulkar wuri mai nisa. Tun zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, maganar fada tana isa ƙauye ne ta bakin jakada, ta sauka wurin hakimi, ta gangara ga mai gari, mai shela ya yayata ta a kasuwa, liman ya maimaita ta bayan salla. Da Turawan Faransa suka ci ƙasar a 1899, suka mai da Zinder, wato birnin Damagaram, babban birnin mulkinsu har zuwa 1926, su ma ba su iya tsallake wannan tsani ba. Kwamanda yakan fita rangadi ne tare da tafinta da dogarai. A idon mutumin karkara, doka tana da fuska. Wadda ta zo babu fuska, sai ya tambayi ko ta wace ce.

Aikin da ba ya shiga waya

A ɗauki takardar haihuwa. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar ɗansu. Hanyar takan fara daga littafin da ke likita ko wurin mai gari, takardar ta tafi ma'aikatar magajin gari, a kwafe ta da hannu cikin babban kundi, a sa hannu, a buga hatimi. Babu matakin da ake yi a kan gado da waya a hannu. Kundin yana cikin kabad, kabad yana cikin ofis, makullin yana aljihun mutum ɗaya. An rage ma'aikata a ƙarshen Maris, aka maido da cikakken aiki ranar 25 ga Mayu, wato kusan kwana 60. Uban da ya ce bari sai ƙura ta lafa zai iya tarar da wa'adi ya ƙare, sai dai ya bi ta kotu neman hukuncin da zai maye gurbin takardar. Yaron ba zai san an yi masa asara ba sai ranar da ya zo rubuta jarrabawa.

A ɗauki makaranta. Malamai su ne rundunar ma'aikata mafi girma a kowace ƙaramar hukuma ta karkara, kuma akasarinsu 'yan kwantaragi ne. Tun daga 20 ga Maris har 1 ga Yuni suna zaune. A Turai malami yana koyarwa ta intanet. A unguwannin masu hali na Yamai wasu makarantun kuɗi sun riƙa tura darasi a waya. Mushen da ke ƙauyen Droum fa, wa zai tura wa? A gidaje da yawa wayar ɗaya ce, ta maigida, kuma ba mai shafawa ba ce. Da aka buɗe makarantu a Yuni don cike giɓin, damina ta kawo kai. Ajin zana ba ya jure ruwa, iyaye kuma suna buƙatar hannu a gona. Yaran da suka saba da rashin zuwa lakwal na wata biyu da ɗoriya, ba dukansu suka koma ba, musamman 'yan mata.

Ma'aikatan lafiya su ne waɗanda ba a taɓa cewa su zauna gida ba. Majo da unguwarzoma da mai ba da magani sun ci gaba da karɓar masu zazzaɓin cizon sauro, da masu naƙuda, da yaran da tamowa ta kama, a watannin da rumbu yake fara ƙarewa. A farkon annobar, gwajin cutar a cibiyar CERMES ta Yamai ake yin sa, sai daga baya aka kai na'urori jihohi. Majon karkara da ya ga mai tari da sarƙewar numfashi, abin da yake da shi shi ne takunkumi, da sabulu, da lambar gaggawa ta 15, da addu'ar Allah ya sa rezo ya ɗauka. Wani nauyin kuma shi ne shawo kan matan da suka ƙaurace wa awo da rigakafin yara don tsoron kada a ce suna da korona a killace su.

Haka malamin gona da malamin dabbobi. Yankin Korama na ƙasar Damagaram wuri ne na lambu da rake da noman rani, kuma Afrilu da Mayu ne lokacin shirin damina: rabon iri, duba rumbunan tsimi, rigakafin bisashe. Ba a duba bakin saniya ta waya. Ko albashi, ma'aikacin ƙauye da yawa sai ya hau kabu-kabu ko motar kasuwa ya je birni ƙarshen wata, ya bi layi a banki, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda aka ce ya nisanta.

Wuta da rezo

Aiki daga gida yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: wutar lantarki, da intanet, da takardun da aka riga aka zuba a kwamfuta. A 2020, waɗanda ke samun lantarki a Nijar ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, kuma yawancinsu a birane suke. Wutar da jihohin Damagaram da Maraɗi suka dogara da ita tana zuwa ne ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. A watannin zafi, daidai lokacin da annobar ta zo, ɗaukewar wuta abincin yau da gobe ne ko a cikin birni. A ƙauye kuwa, tashar lantarki ita ce rumfar mai cajin waya, da farantin hasken rana da tarin igiyoyi.

Kamfanonin waya huɗu ne a ƙasar: Airtel, da Moov, da Niger Telecom, da Orange wanda aka sayar a ƙarshen 2019 ya koma Zamani. Kira yana shiga a garuruwa da yawa, amma intanet mai ɗaukar taron bidiyo wani abu ne daban. Duk wanda ya yi aiki a karkara ya san tudun da ake hawa ko bishiyar da ake tsayawa ƙarƙashinta in ana son tura hoto. Kuɗin intanet ɗin kuma daga aljihun ma'aikaci yake fita, ba daga kasafin ofis ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarancin kayan aiki ciwo. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2021, wanda Mohamed Bazoum ya kara da Mahamane Ousmane ɗan Damagaram, an katse intanet na wayar hannu na kusan kwana goma. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Aikin gwamnati da za a ɗora a kan waya da wuta yana buƙatar tabbacin cewa siyasa ba za ta zare filogi ba.

Ƙetaren iyaka ma haka

Maƙwabta sun fi fito da maganar fili. A Najeriya, shugabar ma'aikatan tarayya Folasade Yemi-Esan ta umurci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida tun 24 ga Maris 2020. Gwamnatocin Kano da Jigawa su ma suka ce ma'aikatansu su zauna gida. A watan Mayu majalisar ministocin tarayya ta fara zama ta bidiyo, bayan cutar ta yi ajalin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu. Amma ga akawun da fayil ɗinsa takarda ce ɗaure da igiya, umurnin hutu ne da aka sa wa sabon suna. Ƙananan ma'aikatan tarayya sun yi ta shiga da fita har zuwa 1 ga Disamban 2021, lokacin da aka ce kowa ya dawo da shaidar rigakafi ko ta gwaji.

Abin da ya faru a can ya taɓa Damagaram kai tsaye. Najeriya ta riga ta rufe iyakokinta tun Agustan 2019, ba ta buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. Da aka kulle Kano a tsakiyar Afrilu, ga labarin yawan mace-mace a birnin yana yawo, 'yan ci-rani da almajirai suka yi ta kwararowa gida, da yawa ta hanyoyin daji. Waɗanda suka tarbe su, suka san ɗan wane ne ya dawo, daga ina, yana tari ko ba ya yi, su ne masu gari da limamai da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Babu ɗayansu da ke aiki daga gida a ma'anar da duniya take nufi, ko da yake mai gari tun fil azal zaurensa ne ofishinsa.

Ministan aiki ya tafi

Ranar 3 ga Mayu 2020 cutar ta yi ajalin Mohamed Ben Omar, ministan ƙwadago da samar da aikin yi, shugaban jam'iyyar PSD Bassira, haifaffen Tasker a jihar Damagaram, yana da shekara 55. Mutuwarsa ta sanyaya jikin masu musun cewa cutar ba ta ƙasar nan. A cikin watan ne kuma birnin Damagaram ya zama wuri na biyu da cutar ta fi kamari bayan Yamai, asibitin ƙasa na Zinder ya shiga aikin killace marasa lafiya.

Abin mamaki, a daidai lokacin ne aka fara sassautawa. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai da coci-coci, aka ɗage dokar hana fitar dare. Bayan kwana biyu aka buɗe hanyar Yamai. Ranar 25 ga Mayu ma'aikata suka koma lokutan da aka saba, ranar 1 ga Agusta jirage suka dawo. An auna matakan ne da ma'aunin babban birni: da cutar ta lafa a Yamai, sai aka sassauta wa kowa, kamar yadda aka tsananta wa kowa lokacin da take Yamai kaɗai.

Abin da ya yi aiki daga nesa

Ba za a ce komai ya tsaya ba. Rediyo ya yi rawar gani. Muryar Sahel, da tashoshi masu zaman kansu na Damagaram irin su Anfani da Shukura, da shirye-shiryen Studio Kalangou da gidajen rediyon karkara ke watsawa, sun kai bayanin wanke hannu da alamomin cutar cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci zuwa inda takardar hukuma ba ta taɓa zuwa ba. Da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin faɗakarwa, kunnen da ya toshe wa sanarwa ya fara buɗewa.

WhatsApp ɗin da ya yaɗa jita-jita shi ne kuma ya zama ofishin da ba a rubuta a doka ba. Sufeton makarantu ya ɗauki hoton takardar umurni ya tura wa daraktoci. Majo ya tura alƙaluman mako zuwa gunduma ba tare da ya ƙona man babur ba. Taron da dā sai an yi tafiyar yini ana biyan kuɗin zama, aka gano ana iya gama shi da saƙon murya uku. Ma'aikatan ne suka ƙirƙiro wannan da kansu, da wayoyinsu da kuɗinsu, kuma har yau ba su bari ba. In akwai aiki daga nesa da ya yi saiwa a karkarar Damagaram, to wannan ne.

Bayan ƙura ta lafa

Allah ya taƙaita. Guguwa ta biyu ta zo a ƙarshen 2020 ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka fara rigakafi ranar 29 ga Maris 2021 da allurar Sinopharm da ƙasar Sin ta bayar. A ƙididdigar hukuma, waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin Nijar ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu ɗari uku ne da 'yan kai. Sauƙin da aka samu kada ya sa a manta da abin da annobar ta tona.

An ɗan motsa. A Yulin 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai sadarwar zamani ƙauyuka, wanda hukumar ANSI ta tsara. Aikin shimfiɗa igiyar intanet mai ratsa Sahara, da Bankin Raya Afirka ya tallafa, ya haɗa da reshen da ya tashi daga Zinder ya bi Magarya da Tinkim zuwa iyakar Najeriya. Sai dai igiya a ƙarƙashin ƙasa ba ta amfanar sakataren da ofishinsa ba fitila. Tun Afrilun 2024 kuma aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi, don haka nauyin gyara yana wuyan waɗanda ke riƙe da ofisoshin a yau.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ƙasa ba: farantin hasken rana a kan rufin kowace ma'aikatar magajin gari da kowace likita, kundin haihuwa da na mutuwa a zuba su a kwamfuta da kwafi a gunduma, kuɗin intanet a shiga da shi kasafin ofis, albashi ya riƙa isa ga ma'aikaci a inda yake, darussan rediyo a naɗe su a ajiye tun kafin a buƙace su. A kuma rubuta tun yanzu wane aiki ne za a iya yi daga nesa, wane ne sai da mutum a tsaye, a tanadar wa na biyun kayan kariya kafin kowa. Sama da duka, ranar da za a sake kafa dokar da ta taɓa masallaci ko kasuwa ko makaranta, a fara zama da sarki da liman da mai gari kafin a kunna makirufo a Yamai.

Sanƙarau da kwalara da ambaliya ba su daina ziyartar jihar Damagaram ba, kuma kowannensu yana iya raba ma'aikaci da ofishinsa. Masu riƙe da hukuma a Yamai da Zinder da Mirya, ku gyara wa ma'aikacin Droum hanyar aikinsa tun ana zaune lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.